Ko Ka San Yadda Ƙwayar Ciwon Jiki Take Kwantar da Kumburi?

Wanda ya wuni a sunkuye yana tsinkar auduga a gonakin Jazira ta ƙasar Sudan, ko yana ban ruwa a lambunan Maiurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu, idan ya komo gida ƙugu ya riƙe, gwiwa ta yi suntum, ba ya rasa mai miƙo masa Brufen ko Voltaren, kuma sau da yawa kafin a kira isha'i sai ya ji sakayau. Amma kaɗan ne suka san abin da ƙwayar nan ta aikata a cikin jikinsu.

Shi kumburi, a asalinsa, yana daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukaki Ya ajiye a jikin ɗan Adam domin kariya. Da zarar tsoka ta ji rauni, sai naman wurin ya fitar da wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin, wanda yake buɗe ƙananan jijiyoyin jini, jini ya kwararo da mayaƙansa, ruwa ya tsattsafo cikin nama, har wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya tashi, ya riƙa zogi don mai shi ya bar motsa shi. Asfirin ya shiga kasuwa tun 1899, aka shekara fiye da saba'in ana shansa ba a san sirrinsa ba, sai a 1971 wani masani a Ingila, John Vane, ya tabbatar cewa yana hana jiki ƙera wannan sinadari ne. A kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Brufen da Voltaren duk tafarkinsu ke nan.

To, a nan mas'alar take, kuma ita ce ta fi damuna. Sinadarin nan da danginsa su ne kuma suke shafe bangon tumbi da majina don kada tsaminsa ya ci shi, suke riƙe jijiyoyin ƙoda a buɗe sa'ad da ruwan jiki ya yi ƙaranci, suke taimakon jini ya daskare a bakin rauni. Misalin mai shan ƙwayar kamar wanda ya datse babbar magudanar ruwa ne saboda gonarsa ta yi ambaliya, alhali gonakin maƙwabta daga nan suke sha.

Mutanen Jazira suna da dalili na musamman na yin hattara, domin tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 tsargiya ta samu mazauni a magudanan ruwa, kuma irin wadda take kama hanji tana taurara hanta, har jijiyoyin maƙoshi su kumbura. Mai wannan lalura, ƙwayoyin nan na iya jawo masa aman jini. Haka kuma suna da haɗari ga mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace a watannin ƙarshe na juna biyu. Panadol shi yana sauke zazzaɓi da raɗaɗi, bai cika taɓa kumburi ko tumbi ba, sai dai wuce ƙa'idarsa yana illata hanta.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka sha ƙwayoyin kumburin nan da yunwa ko da ƙishirwa bayan wunin rana, kada ka haɗa iri biyu, kuma in ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, ka dakatar da su nan take ka nufi asibiti.