Ƙishirwar da Ba ta Zafin Rana Ba Ce: Jan Hankali Game da Ciwon Ƙoda a Jikin Karnuka

Ko da yake al'ummarmu ba ta saba da shigar da kare ɗaki ko kwantar da shi bisa shimfiɗa ba, kamar yadda Turawa suke yi, babu mai musun cewa akwai gidaje masu yawa, a birni da ƙauye da ruga, waɗanda barcinsu da amincin garkensu suka dogara, bayan kiyayewar Allah, ga wani kare da ke kwance a ƙofar gida. Idan kuwa ya shekara takwas ko goma yana wannan hidima, yara suka tashi suka gan shi, ya san takun maigida tun daga nesa, to ranar da ya mutu sai a ji gidan ya yi wani iri, ko da kunya ta hana manya su furta. Daga cikin cututtukan da suke raba mutane da irin waɗannan karnuka akwai ciwon ƙoda, wanda sharrinsa shi ne yakan fara da alamar da mai kallo zai ɗauka lafiya ce.

Aikin ƙoda a jikin kare daidai yake da aikinta a jikin ɗan Adam: ita ce rariyar da jini ke bi ta cikinta dare da rana, ta riƙe ruwa da gishirin da jiki ke bukata, ta fitar da dattin cikin fitsari, sa'an nan kuma tana da hannu wajen daidaita bugun jini da ƙera jajayen ƙwayoyinsa. Cikin hikimar Mahalicci, an yi ta da rara mai yawa, ta yadda idan wani sashe ya lalace sauran sukan ɗauki nauyinsa ba tare da an gane ba. Wannan ni'ima ce, amma a nan ne kuma haɗarin yake, domin likitocin dabbobi sun tabbatar cewa sai kusan kashi biyu cikin uku na ƙodar ya tafi kafin fitsari ya fara tsinkewa, kuma sai an rasa kusan kashi uku cikin huɗu kafin gwajin jini na yau da kullum ya nuna dattin ya taru. Abin da ya lalace a hankali cikin watanni da shekaru kuwa ba ya dawowa.

Alama ta farko ita ce ƙishirwa. Ƙodar da ta raunana ba ta iya riƙe ruwa, sai kare ya dinga fitsari mai yawa, fari kamar ruwan randa, ya dinga komawa kasko yana sha don ya mayar da abin da ya zubar. A ƙasa irin tamu, inda bazara takan sa kowane mai rai ya nemi inuwa, wa zai tsargu don kare ya sha ruwa? Sai a ce zafi ne, har a yaba masa. To ga ma'auni mai sauƙi: karen da nauyinsa ya kai kilo 20, idan yana shan fiye da lita 2 a yini, wato sama da leda huɗu ta ruwan da ake sayarwa a titi, kwana da kwanaki, alhali ba farauta ya je ba, ba kuma karya ce mai shayarwa ba, lalle a kai shi a duba, musamman in ana cikin hunturu ko damina. Ba dole ne ya zama ƙoda ba, domin ciwon sukari da ruɓewar mahaifa su ma suna kawo haka, amma babu ɗaya a cikinsu da ake zama da shi a gida. Babban kuskure, wanda kuma ya zama ruwan dare, shi ne a ɗauke masa kaskon ruwa da yamma don ya daina ɓata tsakar gida da dare. Wanda ya yi haka ya gaggauta masa ajali da hannunsa, domin ruwan nan ne kaɗai yake hana dattin ya yi masa yawa.

Na ga ƙarshen wannan ciwo a gidan wani maƙwabcinmu, a jikin wani jan kare da a dā ba a iya wucewa ta lungun bayan sallar isha'i saboda shi. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, gashinsa ya bushe ya tashi tsaye, a ajiye masa tuwo da romo ya sansana ya kau da kai, ya sha ruwa ya amayar da shi nan take. Da yaron gidan ya ɗaga masa leɓe, sai ga dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma fari fat, ga gyambo a gefen harshe, bakin kuma yana fitar da zarni irin na makewayi. Yaron ya dubi mahaifinsa ya ce, "Baba, ko sammu aka yi masa?" Uban ya ce, "Haba yaro, wa zai ɓata sammunsa a kan kare? Tsufa ne." Dukansu biyu ba su dace ba, domin da aka bi ba'asi, uwargida ta tuna cewa tun kafin azumi take cika kaskon sau uku a maimakon sau ɗaya.

Wancan shi ne ciwon da ke cin ƙoda sannu a hankali. Akwai kuma na farat ɗaya, wanda yake kayar da ƙaƙƙarfan kare cikin kwana biyu ko uku, kuma a kansa nake so a fi sa lura, saboda yawancin sabubbansa a hannunmu suke, wasu ma tausayi ne yake jawo su. Mutum ya ga karensa yana ɗingishi, sai ya aika kemis a sayo ibuprofen ko diclofenac, irin wanda shi yake sha idan ya gaji, ya tura masa cikin loma. Alhali kuwa waɗannan magunguna suna rage jinin da ke shiga ƙodar kare, suna kuma huda masa ciki. Haka allurar gentamicin, wadda masu yawo da jaka suna kiran kansu likitoci suke sokawa kowace dabba, tana ƙona ƙoda idan ta yi yawa ko ta tarar da jiki ba ruwa. Sai kuma ruwan nan mai launin kore ko ja da ake zubawa a lagireton mota, wanda galibinsa yana ɗauke da sinadarin ethylene glycol: yana da zaƙi, kare yakan lashe shi idan ya zuba a gareji, kuma abin da bai cika kofin shayi ba ya isa ya kashe matsakaicin kare. Da farko zai yi ta tangaɗi kamar mashayi, sa'an nan ya miƙe kamar ya warke, a ce alhamdu lillahi, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Sa'o'in farko ne kaɗai magani yake da amfani.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inabi da zabibi. An daɗe da sanin cewa suna lalata ƙodar wasu karnuka ba tare da an gano dalili ba, sai a shekarar 2021 likitocin wata cibiyar lura da gubar dabbobi a Amurka suka nuna cewa mai yiwuwa sinadarin tsamin da ke cikinsu ne, bayan sun ga karnukan da suka ci tsamiya mai yawa sun kamu da ciwo iri ɗaya. Mu da ba a raba madafinmu da tsamiya, wannan magana ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka gano ta. Saboda haka a ɗaga curin tsamiya sama, kada kuma a zubar da tukarta inda kare zai kai baki. Abincin gwangwani da na buhu ma ba tsira ba ne kullum, domin a 2007 an janye abincin karnuka da kyanwoyi mai ɗimbin yawa daga kasuwannin Amurka, bayan an tarar an gurɓata garin alkamar da aka shigo da shi daga Sin da sinadarin melamine, dabbobi da dama suka mutu da ciwon ƙoda.

Akwai kuma abin da ya wuce kare ya taɓa iyali. Ɓeraye suna ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Leptospira a fitsarinsu, wadda takan rayu a kududdufi da kwata da jiƙaƙƙiyar ƙasa, musamman da damina da bayan ambaliya. Kare ya sha ko ya taka da rauni a ƙafa, sai zazzaɓi da amai, idanu su yi ɗorawa kamar mai shawara, ƙoda da hanta su kumbura. Wani likita Bajamushe, Adolf Weil, shi ya siffanta nau'inta mai tsanani a jikin mutane tun 1886, kuma har yau tana kama manoma da mahauta da masu yasar kwata. Tana jin magani idan an yi sauri, tana kuma da rigakafi da ake sabuntawa duk shekara, wanda dabam yake da na haukan kare. Da yawa sukan yi ɗaya su zaci sun gama. Kaska ita ma tana sa cututtukan jini da kan ƙare a ƙoda, alamarsu kuwa fitsari ja ko mai kalar shayi.

Wataƙila wani ya ce, duk wannan wahala a kan kare? Amsa ita ce fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya ba su ɗauki rayayyen kare najasa ba, shari'a kuma ta yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da gona, har an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare don tsaro lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Hadisin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa sananne ne, haka na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. A ganina, wanda ya ɗaure dabba don amfanin kansa ya ɗauki amanar cinta da shanta da jinyarta, kuma babu abin kunya idan yaransa suka yi kuka ranar da ta mutu.

Wanda ya ga alamun nan ya nufi asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa, ko asibitocin koyarwa na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, ya riƙo fitsarin safe a kwalba mai tsabta, tare da kwalin duk maganin da aka ba karen, kada ya ɓoye kome don jin nauyi. Ciwon ƙoda na farat ɗaya yana iya warkewa da ƙarin ruwa idan an kai da wuri. Mai cin jiki a hankali ba ya warkewa, amma ana iya jinkirta shi watanni, wani lokaci shekaru, ta hanyar wadata shi da ruwa, da rage masa ƙashi da kayan ciki da busasshen kifi da miya mai gishiri da magi, da bin abin da likita ya tsara. Idan abin ya kai inda ba ya ci, ba ya sha, ba ya iya tashi, to batun hutar da shi da allura magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, sai mai shi ya ji ta bakin likita ya kuma tambayi malaminsa.

Idan ya mutu, kada a ja shi a yar a bola ko a kwata, kamar yadda aka saba. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi, wanda zai ɗauka ya sa leda a hannu, a wanke makwancinsa da kaskonsa da ruwan bilic, kuma duk wanda zazzaɓi da ciwon jiki suka kama a gidan cikin wata guda ya gaya wa likita cewa sun yi jinyar kare.