Finafinan ta'asa na ɗaliban La Courneuve: su wa ake so su kalla?

La Courneuve gari ne na mutum sama da 40,000 a arewacin Paris, cikin yankin Seine-Saint-Denis da Faransawa ke kira 93. Sunansa ya daɗe a bakin mutanen da ba su taɓa taka shi ba. A nan aka gina rukunin benayen Cité des 4000, waɗanda Jean-Luc Godard ya sa a fim ɗinsa na 1967. A nan ne kuma, a watan Yunin 2005, bayan harsashi ya kashe wani yaro ɗan shekara 11, ministan cikin gida na lokacin, Nicolas Sarkozy, ya zo ya ce zai wanke unguwar da injin feshin ruwa na Kärcher. Tun 1986 ake rusa dogayen benayen ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga na Balzac a 2011, amma baƙin sunan bai rushe tare da su ba. Saboda haka ɗalibin da ya shirya fim na ta'asa a wannan gari, wato na fashi ko dillancin ƙwaya ko arangama da 'yan sanda, ya tarar an riga an yi masa rabin talla tun kafin ya kunna kyamara. Abin tambaya shi ne wane irin ɗan kallo wannan tallar kyautar ke kawowa, kuma wa ke biyan kuɗinta.

Dalilin da ya sa matasa da yawa ke riƙe kyamara a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Jami'ar Paris 8 tana maƙwabtaka, a Saint-Denis, kuma tana da sashen fim. A 2018 Ladj Ly ya buɗe makarantar Kourtrajmé a yankin Clichy-sous-Bois da Montfermeil, ba a biyan ko sisi, ba a kuma tambayar takardar shaidar karatu. A Liyon, Claude Mouriéras ya kafa CinéFabrique a 2015, ita ma kyauta ce. Ɗan talaka da a da yake hangen makarantar fim ta La Fémis daga nesa, yanzu yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa. Wayar da ke aljihunsa ma tana ɗaukar hoto mai kyau.

Me ya sa ta'asa? Na farko dai araha. Labarin soyayya ko na tarihi yana buƙatar kaya da ɗakuna da 'yan wasa masu iya riƙe fuska. Fim na 'yan daba kuwa matakalar bene yake so, da wurin ajiye motoci da daddare, da jaka ɗaya, da abokai huɗu masu rigar sanyi mai hula. Duk suna nan a ƙofar gida. Na biyu, Faransawa na matuƙar son irin wannan labari, wanda suke kira polar. Tun 2005 birnin Liyon ke yin bikin Quais du Polar duk shekara, inda dubban mutane ke cika don littattafai da finafinan bincike da kisa. Na uku shi ne mafi ƙarfi: misalin waɗanda suka ci riba. La Haine na Mathieu Kassovitz ya sayar da tikiti wajen miliyan 2 a 1995. Les Misérables na Ladj Ly ya fara ne a matsayin gajeren fim a 2017, ya zama dogo a 2019, ya ci kyautar alƙalai a Cannes, ya kuma tara kusan irin wannan adadi. Yaron da ya ga ɗan Montfermeil ya kai can, ba za a hana shi ƙoƙarin bin sawu ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Wahalar tana farawa ne ranar da aka gama tace fim. Manyan gidajen sinima ba su cika nuna gajeren fim na ɗalibi ba. Hanyar da malamai ke nunawa ita ce bukukuwa: na Clermont-Ferrand, wanda ya fi kowanne girma a duniyar gajerun finafinai, na Villeurbanne a gefen Liyon, na Poitiers da ya keɓanta da makarantun fim, da Cinébanlieue da ake yi a Saint-Denis. Clermont-Ferrand na karɓar dubban finafinai duk shekara, kaɗan ƙalilan yake zaɓa. Ko an zaɓe ka, mafi yawan waɗanda za su zauna a zauren 'yan sana'a ne da 'yan jarida da masoya fim na cikin birni. Suna da amfani, domin daga cikinsu furodusa ke fitowa. Amma ba su ne mutanen da aka ɗauki hoton tagoginsu ba.

Shi ya sa ɗalibai ke komawa intanet. Su yanka tallar daƙiƙa talatin su sa a Instagram da TikTok da Snapchat, su roƙi wani mawaƙin rap na unguwa ya fito ko ya yaɗa, su buɗe neman gudummawa a dandalin Ulule. Wannan na ƙarshe dabara ce mai kyau, domin wanda ya ba da yuro goma ya zama mai jiran fim, zai kuma zo da wani. Inda abin ke lalacewa shi ne tallar. Manhajojin nan suna ɗaga abin da ya tsayar da yatsa a daƙiƙun farko, kuma babu abin da ke tsayar da shi kamar bindiga da gudu da ihu. Ɗalibi ya lura da haka, sai ya fara rubuta labari domin talla, maimakon ya yanko talla daga labari. A hankali uwar da ke jiran ɗanta a tagar bene ta ɓace daga rubutun, malamin makaranta ya ɓace, mai gidan burodi ya ɓace, a bar masu hula su kaɗai suna zagin juna. Lambar masu kallo ta hau, amma lambar ba ta bambance wanda ya zauna minti ashirin da wanda ya wuce bayan daƙiƙa biyar, sai dai ɗalibin ya buɗe bayanan ciki ya ga gaskiya.

Illar da ta fi damuna ba a kan fim ɗin take ba. Matashin La Courneuve da ya rubuta adireshinsa a takardar neman aiki ya san abin da sunan garin ke jawowa. Duk fim ɗin da ya sake nuna benayen nan a matsayin kasuwar ƙwaya kawai, ya ƙara wa wannan matashi kaya, alhali shi bai ci komai daga tafin da aka yi ba. An yi irin wannan muhawara da zafi a kan BAC Nord a 2021 da Athena a 2022, kuma su manyan finafinai ne masu kuɗi. Na ɗalibi ya fi su haɗari ta wata fuskar: fuskokin da ke ciki na maƙwabta ne, ƙofar da aka ɗauka ana iya gane ta. Ga kuma batun doka, domin fita titi da bindigar roba ko kakin ɗan sanda ba tare da sanar da hukuma ba na iya mayar da wasa ya zama tashin hankali na gaske.

Mai karatu a Kano ya san wannan magana. Da Kannywood ta koma YouTube, shirye-shirye irin su A Duniya sun nuna cewa labarin daba yana jan jama'a, kuma a 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. Ban yarda hani ne magani ba, a Kano ko a Paris. Ta'asa tana nan, matasa na ganin ta, suna da haƙƙin ba da labarinta. Abin da ya raba Les Misérables da masu kwaikwayonsa shi ne Ladj Ly ya shekara da shekaru yana ɗaukar unguwarsa kafin ya rubuta shi, kuma ya san mutanen Montfermeil za su kalla su yi masa hisabi.

Wannan hisabin ne intanet ba ta bayarwa, zauren unguwa kuma yana bayarwa. La Courneuve tana da gidan sinima na ƙaramar hukuma, L'Étoile. Tana da makarantu da ƙungiyoyin unguwa da ɗakunan karatu. Cika kujeru a irin waɗannan wurare aikin ƙafa ne: bi gida gida, manna takarda a shaguna, shawo kan malami ya kawo ajinsa, tsayawa bayan an kunna fitila a amsa tambayar dattijuwar da ba ta ji daɗin abin da ta gani ba. Djinn Carrénard, wanda ya ce da yuro 150 ya shirya Donoma, ya zagaya garuruwan Faransa da 'yan wasansa a 2011 yana nuna shi da kansa, har fim ɗin ya ci kyautar Louis-Delluc ta fim na farko. 'Yan gidan Lumière ma, da suka zo daga Liyon suka yi nunin farko na kuɗi a Grand Café na Paris ranar 28 ga Disamba 1895, mutum 33 suka samu. Waɗannan ne suka fita suka gaya wa wasu, kafin 'yan makonni layi ya miƙe a titi.

Kirana ga ɗalibin da ke riƙe da fim na ta'asa a La Courneuve, ko a Villeurbanne, ko a Kurna da Fagge a Kano, shi ne ya fara nuna shi a gaban mutanen da ya ɗauki unguwarsu, ya zauna ya ji abin da za su ce, kafin ya sa ko daƙiƙa ɗaya a TikTok.