Ciwon Zuciya Da Jarin Ɗan Kasuwa A Yola

A unguwar Adarawo ta Yola, kamar a kasuwar Jimeta, ɗan kasuwan da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura yakan shiga lissafi biyu: jira a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wato tsohuwar FMC, ko kuwa zuwa asibitin kuɗi. Jiran kansa asara ne, domin shagon da mai shi ke zaune a layi ba ya ciniki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun yi yajin aiki daga Agusta har zuwa Oktoba.

Asibitin kuɗi yana da sauri wajen awo da hoton zuciya. Amma idan aka zo batun fiɗa, galibi sai a nufi Abuja ko Legas, mai hali kuma Indiya ko Masar, inda ake lissafi da dala. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Nan ne jari ke karyewa: a sayar da kaya, a bi da fili.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta rajista ga kowa, sai dai mafi yawan 'yan kasuwa har yanzu daga aljihu suke biya.