Tsiron Hatsi Da Lissafin Da Ke Gaban Tukunya

A ranar 14 ga Oktoba, 1978, Shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanya hannu a kan dokar da ta ba baligi damar dafa giya a gidansa, muddin ba sayarwa zai yi ba: galan 100 a shekara ga mutum ɗaya, 200 ga gida mai baligai biyu ko fiye. A wancan lokaci masana'antun giya a ƙasar ba su kai 100 ba. Daga baya sun haura 9,000, kuma da dama daga cikin masu su a kicin suka fara. Ken Grossman, wanda kamfaninsa na Sierra Nevada ya fara aiki a 1980, shagon kayan dafawar gida yake da shi a garin Chico na jihar Kalifoniya.

Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ba ya buƙatar muhawara a wannan shafi. Abin da ya cancanci nazari shi ne takardar da irin wannan mai dafawa yake cikawa tun kafin ya hura wuta, domin mafi yawan abin da ke cikinta ilimin hatsi ne, kuma ya shafe mu.

Mu ɗauki nau'in da suke kira amba, saboda launinsa na zuma mai duhu. Mai shirya lita 19 yakan fara da sha'ir da aka jiƙa ya tsira, sannan aka busar. Kaso mafi tsoka farin tsiro ne; sai ya ƙara kamar kashi 10 cikin 100 na wanda aka gasa har sukarinsa ya yi ja, wanda shi ke kawo launi da zaƙi. Zai jiƙa barzajjen hatsin a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68 na tsawon awa guda. Wannan 'yar tazara ba ƙaramin abu ba ce. Tsiro yana ɗauke da sinadarai biyu masu farfasa sitaci ya koma sukari, ɗaya ya fi aiki a zafi kaɗan, ɗayan a zafi mai yawa. Idan aka yi ƙasa, abin sha ya fito tsararo. Idan aka yi sama, ya yi kauri da sauran zaƙi. Digiri uku kacal, amma su ne ke yanke hukunci.

Daga nan sai furen hops, wanda ke ba da ɗaci da ƙanshi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wanda aka zuba a farkon tafasa, ya yi minti 60, ɗaci yake bayarwa. Wanda aka zuba daf da saukewa ƙanshi yake bari, domin man da ke cikinsa tururi na kwashe shi idan ya daɗe a wuta. Irin da ya fi suna shi ne Cascade, wanda aka fitar a 1972 daga shirin bincike na Ma'aikatar Noma ta Amurka a jihar Oregon. Duk gwanintar amba tana ga daidaita ɗacin nan da zaƙin gasasshen tsiro, kuma a rubuce ake yin ta: giram nawa, a minti na nawa.

To, har zuwa wannan mataki babu abin maye a tukunyar. Ruwan hatsi ne mai zaƙi. Sai an huce shi an zuba yis ne sukarin ke juyewa barasa. Wanda ya tsaya kafin wannan gaɓa, abin da ke hannunsa ɗan'uwan Maltina ne da ake rabawa a wajen biki da suna.

Mu ma mun san wannan ilimi, sai dai a hannu yake. Mai kunun zaƙi tana dama kaso ɗaya na ƙullu da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kaso mai tsiro ko busasshen dankali. Sinadarin da ke cikin dankalin yana daga cikin biyun da Ba'amurken ke lallaɓawa da ma'aunin zafi. Ita da yatsa take aunawa, shi ya sa kunun yau kan bambanta da na jiya.

A matakin masana'anta kuwa, dawarmu ta riga ta shiga. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawa, ciki har da irin SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Ba a samu sauyin cikin sauƙi ba. Sitacin dawa sai ya sha zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta yana da ƙarancin sinadarin da ke aiki a zafi kaɗan, ba ta kuma da ɓawon da ke taimaka wa tacewa. Dole aka sake lissafin daga tushe. Shi kuwa hops, da yake yana son dogayen ranakun bazarar ƙasashen sanyi, har shuwaka da namijin goro masana a Nijeriya sun gwada a madadinsa.

A ganina, ƙyamar da muke yi wa kwalbar ta sa mun guji ilimin tsiro gaba ɗaya. Manomi a Kano ko Kaduna yana sayar da dawa a buhu, ribar tsirar da ita da busarwa ta tafi hannun wasu. Bincike kan kunun zaƙi yana nan a kundayen digiri na sassan kimiyyar abinci. Abin da bai isa hannun mai sayarwa ba shi ne takarda ɗaya da Hausa, mai faɗin mudu nawa na gero, tsiro nawa, a digiri nawa za a haɗa, da awa nawa za a rufe.