Rolls-Royce: Tarihin Motar Alfarma ta Ingila da Abin da Riƙonta ke Ci

Cikin shekarar 1998 aka yi wani ciniki a ƙasar Ingila wanda har yau masana harkokin kasuwanci ke buga misali da shi. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya biya fam miliyan 430 ya sayi masana'antar da ke ƙera motocin Rolls-Royce da dukan abin da ke cikinta, sai dai sunan motar ba ya cikin kayan da aka sallama masa. Abokin gasarsa, watau kamfanin BMW, shi ya sami iznin amfani da sunan a kan fam miliyan 40 kacal, kuma shi ne ke ƙera Rolls-Royce tun daga 2003. Wannan al'amari ya nuna inda dukiyar kamfanin take. Tarihinsa na shekara fiye da 120 tarihi ne na yadda aka kafa suna, aka tsare shi, har ya zama shi ne jari.

Haɗuwar maƙeri da ɗan kasuwa

Mutum biyu ne suka kafa kamfanin, kuma asalinsu ya sha bamban ƙwarai. An haifi Henry Royce cikin 1863 a wani ƙauye kusa da garin Peterborough. Sana'ar mahaifinsa ta niƙa ta karye, sa'an nan ya rasu Royce yana ɗan shekara tara, saboda haka yaron ya shiga tallan jarida da kai wa mutane telgiram don ya taimaki gida. Daga baya ya koyi aikin ƙarfe a ma'aikatar jirgin ƙasa, kuma cikin 1884 ya buɗe ɗan kamfaninsa na kayan lantarki a Manchesta. Da ya sayi wata motar Faransa ta hannu mai suna Decauville, aikinta bai gamsar da shi ba, sai ya zauna ya ƙera tasa mai silinda biyu cikin 1904.

Shi kuwa Charles Rolls, wanda aka haifa cikin 1877, ɗan wani basarake ne mai dukiya. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, yana kuma da shagon sayar da motoci a Landan inda yake shigo da na Faransa da Beljiyam. Abin da ya rasa shi ne motar Ingila mai inganci wadda zai iya tallata wa attajirai ba tare da jin kunya ba.

Ran 4 ga watan Mayu 1904 aka haɗa su a otal ɗin Midland da ke Manchesta. Suka daidaita a kan cewa Rolls zai sayar da duk motar da Royce ya ƙera, a kuma haɗa sunayensu biyu a kanta. Cikin 1906 aka yi rajistar kamfanin Rolls-Royce. Akwai mutum na uku da ba a cika ambata ba, watau Claude Johnson, wanda ya riƙe harkar gudanarwa da talla. Saboda muhimmancinsa har akan ce shi ne ɗan layin nan da ke tsakanin sunayen biyu.

Motar da ta kafa sunan

Johnson ne ya gane cewa yabon kai ba ya sayar da mota mai tsada, sai an kawo shaida. Cikin 1907 ya ɗauki sabuwar motar kamfanin mai silinda shida, wadda aka laƙaba wa suna Silver Ghost, ya sa aka yi tafiyar mil 15,000 da ita a ƙarƙashin sa idon babbar ƙungiyar masu motoci ta Ingila. Da aka gama aka kwance ta aka duba, kuɗin kayan da ake bukata don a mai da ita kamar sabuwa fam 2 ne da sule 2 da kwabo 7. A zamanin da mota kan mutu a hanya kusan kullum, wannan ya isa talla. An ci gaba da ƙera wannan samfuri kusan shekara ashirin, aka fitar da guda 7,874.

Rolls bai daɗe ba bayan haka. Ya rasu cikin hatsarin jirgin sama a Bournemouth ran 12 ga watan Yuli 1910 yana da shekara 32. Shekara guda bayan rasuwarsa aka fara ɗora ɗan mutum-mutumin nan na mace mai kama da mai shirin tashi sama a goshin motar, wanda ya zama tambarinta. Royce ya ci gaba da zana injuna, duk da rashin lafiyar da ta dame shi, har ya rasu cikin 1933.

Bugu da ƙari, yaƙin duniya na farko ya sa kamfanin ya shiga ƙera injunan jirgin sama, kuma a yaƙi na biyu injinsa mai suna Merlin ne ya ɗauki jiragen yaƙin Ingila irin su Spitfire. Cikin 1931 ya saye kamfanin motocin Bentley da ya karye, a kan kimanin fam 125,000. Har zuwa yaƙin na biyu, ƙashin mota da injinta kawai Rolls-Royce ke ƙerawa. Mai saye ne zai kai wa wani kamfanin dabam ya yi masa bodi yadda yake so. Sai bayan da aka mai da aikin motoci garin Crewe cikin 1946 aka fara fitar da mota cikakkiya daga masana'anta. Samfurin Silver Shadow na 1965 shi ya fi kowane yawa a wancan zamani, don an ƙera kimanin 30,000.

Durƙushewar 1971

Sashen jirgin sama ne ya jefa kamfanin cikin masifa. Ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lockheed na Amurka cewa zai ƙera masa wani sabon inji mai suna RB211 a kan ƙayyadadden farashi. Aikin ya ci kuɗi fiye da yadda aka ƙiyasta nesa ba kusa ba, alhali yarjejeniyar ba ta ba da damar ƙara farashi ba, ga kuma tarar jinkiri tana jira. Ran 4 ga watan Fabrairu 1971 kamfanin ya durƙushe. Gwamnatin Edward Heath, wadda manufarta ba ta karɓar kamfanoni ba ce, ta ga tilas ta karɓe shi domin jiragen sojan ƙasar da injunansa suke aiki. Duk ɗan kwangilar da ya taɓa sa hannu a kan aikin da bai gama lissafinsa ba zai fahimci abin da ya faru.

Cikin 1973 aka ware sashen motoci aka sayar da hannayen jarinsa, kuma cikin 1980 ya koma hannun kamfanin Vickers. Amma a wajen rabon, mallakar sunan Rolls-Royce da tambarin haruffan RR ta zauna wurin kamfanin injunan jirgin sama. Masu motoci aron sunan kawai suke yi. Wannan sharaɗi da ke kwance cikin takardu shi ya yanke hukunci bayan shekara 25.

Cinikin 1998

Sa'ad da Vickers ya sa sashen motocin a kasuwa, kowa ya ɗauka BMW ne zai saya, tun da shi ke ba masana'antar injuna. BMW ya taya fam miliyan 340, Volkswagen ya ƙara zuwa miliyan 430, aka sallama masa. Ya sami masana'antar Crewe, da sunan Bentley, da ikon amfani da mutum-mutumin da siffar goshin motar. Shi kuma kamfanin injunan jirgin sama, wanda ke da haɗin gwiwa da BMW tun 1990, ya miƙa sunan Rolls-Royce ga abokin hulɗarsa. Daɗin daɗawa, BMW na da ikon dakatar da ba da injuna bayan sanarwar wata goma sha biyu, lokacin da bai isa Volkswagen ya tanadi madadinsu ba.

Ganin kowa na riƙe da abin da ɗayan ke bukata, shugabannin kamfanonin biyu, Ferdinand Piëch na Volkswagen da Bernd Pischetsrieder na BMW, suka sasanta cikin watan Yuli na shekarar. Volkswagen zai ci gaba da ƙera motocin biyu har ƙarshen 2002, daga nan ya riƙe Bentley, Rolls-Royce kuma ta koma BMW. Volkswagen ma bai faɗi ba, gama cikin 2022 Bentley ta sayar da motoci fiye da 15,000. Duk da haka darasin na nan: mai sayen kamfani ya bincika ko sunan da ke kan allon ƙofa yana cikin cinikin.

BMW ya tashi da suna ba masana'anta, ba ma'aikata, ba samfuri. Ya gina sabuwar masana'anta a Goodwood da ke kudancin Ingila, ya miƙa motar Phantom ta farko ga mai ita ran 1 ga watan Janairu 2003. A wannan shekara motoci 300 aka sayar. Daga baya aka fito da Ghost cikin 2009, da Cullinan mai tsayin ƙafa cikin 2018, da Spectre mai aiki da lantarki cikin 2023, shekarar da aka sayar da motoci 6,032. Bodi da inji daga masana'antun BMW suke zuwa. Abin da ake yi a Goodwood shi ne haɗawa, da fenti, da ɗinkin fata, da aikin katako, yawanci da hannu. Nan ne kuma riba take, domin kusan kowane mai saye yakan zaɓi launi da ado nasa na kansa, ya biya ƙari a kai. Kamfanin ya ce cikin 2022 matsakaicin abin da aka biya a kan mota guda ya kai kimanin Yuro rabin miliyan.

Abin da riƙonta ke ci

Abin da masu motar suka fi yabawa shi ne shiru da laushin tafiya. Phantom ta yanzu ta haura mita biyar da rabi a tsawo, nauyinta ya wuce tan biyu da rabi, injinta kuma mai silinda 12 ne, amma wanda ke zaune a baya da ƙyar yake jin motsinsa. A kan iska take tafiya a maimakon sifirin na ƙarfe, kuma kwamfuta ce ke daidaita ta daidai da yanayin hanya. Sabuwar mota tana zuwa da garanti na shekara huɗu wanda ya haɗa da sabis, ko nawa ne nisan da aka yi da ita.

Lissafi yakan sauya ne bayan garanti ya ƙare. Abubuwan da ke kawo wannan jin daɗi su ne masu saurin cin kuɗi: jakunkunan iskar da ke ɗauke da motar, da na'urorin lantarki masu yawa, da manyan tayoyi. Ba kowane bakanike ke iya taɓa ta ba, sai mai na'urar binciken da ta dace da ita. Ita ma darajarta a kasuwa takan faɗi sosai cikin shekarun farko, kamar sauran manyan motoci. Waɗanda ke tashi su ne 'yan ƙalilan masu tarihi, kamar wata ƙirar 1904 da aka yi gwanjonta a Landan cikin 2007 a kan fam miliyan 3.5.

Tsofaffin kuwa suna da nasu tarkon. A Ingila ana samun Silver Shadow a kan kuɗin da bai wuce na ƙaramar sabuwar mota ba, amma birkinta da na'urar daidaita tsayinta suna aiki ne da wani tsarin mai na musamman wanda aka samo daga kamfanin Citroën na Faransa. Idan an bar shi ya lalace, ko tsatsa ta ci bodi, kuɗin gyara na iya zarce kuɗin saye. Araha dai ba ta ado.

Ga mai niyyar shigo da ita Nijeriya akwai ƙarin abubuwan lura. Tun watan Afrilu 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, alhali irinta ce ta cika kasuwar motocin hannu ta Ingila. Sauya mata sitiyari aiki ne mai tsada da ke rage mata daraja da aminci. Na biyu, da kuɗin waje ake biyan motar da kayan gyaranta, kuɗin kwastan ma a kan farashin dala ake lissafa shi. Bayan da aka saki Naira cikin watan Yuni 2023, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, watau kuɗin kowane ƙarfe da za a yi oda ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko kwabo ba. Na uku, kamfanin Coscharis da aka naɗa dillalin motar cikin 2013 a Ikko ya kafa shagonsa, saboda haka mai mota a Kano ko Sakkwato zai sa kuɗin ɗaukarta zuwa wurin gyara cikin lissafi. Sa'an nan ga ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ramukan hanya, da gurɓataccen fetur, waɗanda injin irin wannan ba ya jurewa.

Wannan ne ya sa yawancin masu ita a ƙasar nan, har da manyan sarakunan da akan gani cikinta, ba sa mai da ita motar yau da kullum. Sai ranar biki ko tarbar babban baƙo ake fito da ita, kamar dokin hawan salla. Ajiyar ma tana da nata sharaɗi, don motar da ta daɗe a tsaye batirinta kan mutu, robobinta su bushe.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke da sha'awa ya kamata ya nemi cikakkiyar takardar tarihin sabis ɗin motar, ya sa ƙwararre ya duba ta kafin ya biya, ya tabbatar da inshora da takardun kwastan na gaskiya, ya kuma ware kuɗin riƙo na kowace shekara da kuɗin waje. In lissafin ya nuna cewa sai an taɓa uwar kuɗin kasuwanci kafin a riƙe ta, to lokacin sayenta bai yi ba tukuna.