Rina Ƙofar Faibagilas da Launi Mai Duhu: Abin da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani Kafin Ya Kira Mai Fenti

Ma'aikacin da ya kwashe shekaru yana tara kuɗi har ya kammala gininsa a Kubwa ko Lugbe ya san cewa ƙofar shiga ita ce fuskar gida. Yawancin gidajen Abuja ƙofar ƙarfe suke da ita, amma akwai masu zaɓen ta faibagilas, saboda ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, kuma ba ta kumbura da damina. Da yawansu kan so a rine ta da launi mai duhu, irin na katakon maɗaci ko na makuba. A nan ne ake yawan yin asara.

Kamfanin Therma-Tru na Amurka ne ya fito da irin wannan ƙofa a 1983. Fuskokinta biyu an yi su ne da zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro aka matse a cikin mazubi, tsakiyarta kuma cike take da soso mai hana zafi ratsawa. Zanen jijiyoyin itace da ake gani a jikinta daga mazubin ya fito. Ma'ana, kamannin katako kawai gare ta. Katako yana shan rini ya shige cikinsa, ita kuwa ba ta sha, launin a samanta yake zama. Duk wanda ya zuba mata rinin katako mai ruwa-ruwa zai ga yana zubowa layi-layi.

Abin da ya dace da ita shi ne rini mai kauri da ake kira jel, ko wanda kamfanin ƙofar ya tanada. Shi ma sai ƙofar tana da zanen itace. Mai sumul fenti ya fi karɓarta.

A fara da cire ƙofar a kwantar da ita a inuwa, a kwance makulli da mariƙi, a rufe gilashi da tef. A wanke ta sosai, a bar ta ta bushe. Kada a goge ta da samfefa mai kaushi, domin zai cinye zanen, kuma ba ya dawowa. Sannan a shafa rinin da tsumma ko burushi, ana bin yadda zanen ya tafi, ɓangare bayan ɓangare.

Babban kuskure shi ne neman duhu a shafa ɗaya. Idan aka lafta rinin da kauri, samansa zai bushe ƙasansa na danye, daga baya ya yi ta ɓarewa. Duhu mai kyau daga siraran shafa biyu ko uku yake fitowa, ana jiran kowace ta bushe gwargwadon lokacin da aka rubuta a gwangwani. Mai fentin da ya ce zai gama komai kafin la'asar, a yi hattara da shi.

Bayan rini sai rufin kariya marar launi, wanda aka yi domin waje kuma yake tare hasken rana mai ƙona launi. Shafa biyu ne mafi ƙaranci. Ba tare da shi ba, rinin ba shi da abin da zai kare shi.

Sai batun rana, wanda ya fi shafar mazauna Abuja. Launi mai duhu yana zuƙar zafi fiye da mai haske, kuma a watan Maris zafin rana a birnin yakan haura digiri 35. Ƙofar da ke kallon yamma ba tare da rumfa ba za ta riƙa yin zafin da hannu ba zai iya jurewa ba, launinta ya koɗe da wuri, rufin ya tsattsage. Saboda haka a duba takardar garantin ƙofar tun kafin a sayi rini. Idan babu baranda mai inuwa, launi matsakaici ya fi aminci.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. Danshin damina yana jinkirta bushewa, ƙurar hunturu kuma tana manne wa ɗanyen rini. Tsakanin ɗaukewar ruwa a ƙarshen Oktoba da saukar hazo ya fi dacewa.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika ambata ba: tsumman da ya jiƙe da rini mai mai, idan aka dunƙule shi aka jefar, yana iya kamawa da wuta da kansa. A shanya shi a waje ko a tsoma shi cikin ruwa.

Daga nan sai kulawa. Duk ranar da mai gida ya ga sheƙin ƙofar ya fara dushewa, ya wanke ta ya ƙara mata rufi ɗaya. Idan ya jira har rinin ya fara ɓarewa, sai an kankare komai an sake daga farko.