Na'urorin Gano Ɓoyayyen Lahani a Sassan Injuna da Hanyar Man Mota

1.0 Gabatarwa

Uwargidan da za ta sayi tukunyar ƙasa a kasuwa takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara. Idan ƙarar ta fita garau, tukunya lafiyayya ce. Idan kuwa ta dushe, to akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba. Haka nan mai faci yakan hura tif ya tsoma shi cikin ruwa, duk inda kumfa ta taso nan hujin yake. Su duka biyun abu ɗaya suke yi, wato gano lahanin da ya ɓuya ba tare da sun fasa abin da suke dubawa ba. A kan wannan dabara ce masana kimiyya suka gina na'urorin gwaji iri-iri da ake amfani da su a masana'antu da garejin motoci. Wannan darasi zai bayyana yadda aka ƙago wasu daga cikinsu, da yadda suke aiki, da kuma iyakar abin da za su iya nunawa.

2.0 Gwajin Sassan Injuna

A ranar 8 ga Mayu, 1842, wani jirgin ƙasa da ya taso daga Basai zuwa Faris a ƙasar Faransa ya yi mummunan hatsari, inda mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu. Dalili shi ne karyewar sandar ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun kan jirgin, wadda kanikawa ke kira gatari. Binciken da injiniyoyi suka yi a shekarun da suka biyo baya ya nuna cewa ƙarfen da ke shan nauyi da jijjiga kullum yakan gaji. Tsaga takan fara ne siririya kamar silin gashi, ta yi ta ci a hankali, har ranar da ƙarfen zai karye farat ɗaya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matsalar injiniyoyi ita ce yadda za su ga tsagar tun tana ƙarama.

2.1 Dabarar Mai da Alli

A ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikatan jiragen ƙasa suka ɓullo da wata hanya mai sauƙi. Sukan jiƙa ƙarfe cikin mai da aka sirka da kananzir, su goge shi tas, sannan su shafe shi da farin alli. Idan aka buga ƙarfen da guduma, man da ya maƙale cikin tsaga sai ya tsattsafo ya ɓata allin, layin tsagar ya fito ɓaro-ɓaro. A shekarun 1940 aka inganta dabarar ta hanyar amfani da rini mai ƙyalli, wanda ke haskawa idan an haska shi da wata fitila ta musamman a cikin duhu. Har yanzu ana amfani da ita wajen duba walda da sassan injin jirgin sama. Sai dai tsagar da ta buɗe baki a saman ƙarfe kaɗai take nunawa.

2.2 Dabarar Maganaɗisu

A shekarar 1929 wani injiniya Ba'amurke, Alfred de Forest, ya tsara hanyar duba ƙarfe da maganaɗisu, wanda ake kira mayen ƙarfe. Daga baya shi da abokin aikinsa Foster Doane suka kafa kamfanin Magnaflux a 1934. Akan sa wa ƙarfen ƙarfin maganaɗisu, sannan a barbaɗa masa garin ƙarfe mai laushi. A wurin da tsaga take, ƙarfin maganaɗisun yakan tsallako waje, sai garin ya taru a kan layinta. Wannan hanya tana iya nuna tsagar da ke dab da saman ƙarfe ko da ba ta buɗe ba, amma ba ta aiki a kan tagulla ko alminiyam, domin maganaɗisu ba ya kama su.

2.3 Dabarar Sauti

Lahanin da ke can cikin tsakiyar ƙarfe sai da aka nemo masa wata hanya dabam. A 1940 Floyd Firestone na Jami'ar Mishigan a Amurka ya nemi rajistar mallakar wata na'ura, aka kuma ba shi a 1942. Na'urar tana aika sauti mai tsananin kaifi wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, domin kaɗawarsa ta zarce sau 20,000 a daƙiƙa. Sautin yakan ratsa ƙarfe da gudun kimanin mita 5,900 a daƙiƙa, ya bugi ɗaya gefen, ya dawo kamar amsa-kuwwa. Idan amsar ta dawo a rabin lokacin da ake tsammani, to ta ci karo da wani abu a tsakiyar ƙarfen ke nan. Ta haka mai gwaji yake sanin akwai lahani, ya kuma san zurfin inda yake. Ƙwanƙwasa tukunya ce dai aka mayar ta lissafi.

3.0 Gwajin Hanyar Man Mota

Hanyar mai ta ƙunshi tanki da murfinsa, da famfo, da matata, da bututai, da nozul masu fesa mai cikin inji. Yoyon ruwan fetur abu ne da ake gani a ƙasa, ana kuma jin warinsa. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne yoyon tururin fetur, domin ba shi da launi. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hazon da ya addabi birnin Los Anjalis, mai sa idanu raɗaɗi, yana samuwa ne idan hasken rana ya bugi tururin mai da hayaƙin injuna. Saboda haka, daga farkon shekarun 1970 aka fara sa wa motocin Amurka wani gwangwani mai ɗauke da gawayi, wanda ke tsotse tururin da ya taso daga tanki ya riƙe, har lokacin da inji zai ja shi ya ƙone. Amma idan bututu ɗaya ya tsage, ko murfin tanki bai rufu sosai ba, duk tsarin ya tashi a banza.

3.1 Kwamfutar Mota da Lambobinta

Daga 1996 doka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta kasance da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu da irin nasu tsarin, a 2001 ga motocin fetur, a 2004 kuma ga masu shan man dizal. A ƙarƙashin tsarin OBD-II, kwamfutar mota takan gwada hanyar tururi da kanta. Takan rufe kafar shigar iska, ta sa inji ya ɗan zuƙe iskar da ke cikin tanki, sannan ta tsaya tana auna matsi. Idan matsin ya koma yadda yake da sauri, to iska na shiga ta wani wuri. Sai ta adana lamba, idan matsalar ta maimaitu kuma ta kunna fitila mai siffar inji a gaban direba.

Ana karanta lambar ne da wata 'yar na'ura da ake jonawa a soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. Alal misali, P0455 na nufin babban yoyo, P0442 ƙaramin yoyo mai faɗin kimanin milimita 1, P0456 kuma yoyon da bai wuce rabin milimita ba. Da yake yawancin motocin tokumbo da ke Nijeriya daga Amurka da Turai aka shigo da su, suna ɗauke da wannan soket, shi ya sa kanikawa da dama suka mallaki na'urar.

3.2 Injin Hayaƙi

Kwamfuta tana faɗin girman huji, amma ba ta faɗin inda yake, ga shi kuma ba a iya tsoma mota cikin ruwa kamar tif. Wannan ne ya sa aka ƙago injin hayaƙi. Injin yakan dumama wani farin mai har ya zama hayaƙi mai kauri, sannan ya tura shi cikin bututai da matsi ɗan kaɗan, don kada ya fasa su. Duk inda hayaƙi ya ɓullo, nan lahanin yake. Wasu injunan sukan gauraya hayaƙin da rini mai ƙyalli domin ya bar tabo a bakin hujin. Kamfanonin ƙera motoci da dama sun ba da umarnin a tura hayaƙin da iskar naitirojin, saboda cuɗanyar iska da tururin fetur a cikin tanki na iya haifar da gobara.

4.0 Iyakar Na'ura

Kuskuren da ya yawaita shi ne ɗaukar lamba a matsayin sunan abin da ya lalace. Lambar P0171, ga misali, cewa take yi iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, alhali injin fetur yana bukatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a ma'aunin nauyi. Abin da ya jawo haka yana iya zama famfo mai rauni, ko matata da ta toshe, ko nozul mai datti, ko tiyo da ya tsage. Bakaniken da ya yi gaggawar canza na'urar da ta kawo rahoton, ya sa mai mota asara, matsalar kuwa tana nan. Wanda ya san aikinsa sai ya ɗauko agogon auna matsin mai da injin hayaƙi ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma goge lamba don fitila ta mutu ba gyara ba ne; bayan 'yan tafiye-tafiye kwamfuta za ta sake gwajinta, fitilar ta dawo.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kowace na'ura tana da irin lahanin da take iya nunawa: rini don tsagar da ta buɗe, maganaɗisu don wadda ke dab da sama, sauti don ta ciki, hayaƙi kuma don huji. Malamin da zai koyar da wannan darasi zai fi samun sauƙi idan ya faro daga tukunya da tif, waɗanda ɗalibai suka sani, kafin ya kai su ga soket da lambobi.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda dabarar mai da alli take aiki, sannan ka faɗi iyakarta.
2. Me ya sa ake bukatar injin hayaƙi bayan kwamfuta ta ba da lamba?
3. Ziyarci garejin da ke kusa da kai, ka tattaro sunaye 10 na sassan hanyar mai kamar yadda kanikawa ke faɗinsu, ka rarrabe na aro da na asali.